Shekarar da Aka Karɓi Murabus Ɗina

Alhamis, 30 ga Mayu, 2002

Jibi taron shekara na ƙungiya. Na sa an wanke farar rigata an goge. Hasana ta kawo mini ita tana wani murmushi ƙasa-ƙasa, wai, "Malam, bana ma za a yi murabus ɗin?" Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Ita matar nan tawa gani take wasa ne. Ba wasa ba ne, tsari ne. Tun ranar da na buɗe Ƙungiyar Hannu Mai Kyau a tsohon shagon awon gyaɗa, muna koya wa mutanen gari zane da zayyanar allo da wasan kwaikwayo, haka muke yi. In taron shekara ya zo ƙarshe sai in miƙe in ce na gaji, ƙarfi ya ƙare, a nemi wani. In ajiye mabuɗin shago a kan tebur in taho gida ba waiwaye. Bayan kwana biyu su biyo ni da ƙwaryar goro, Ɗantsoho makaɗinmu a gaba. Su roƙa in ƙi. Su sake roƙo in sake ƙi. A na uku in ce to, saboda Allah da girman manya. A sha fura a watse. Ba zaɓe, ba gaba, ba wanda aka kunyata. Shekara da shekaru ba mu taɓa faɗa a kan kujera ba. A nuna mini ƙungiyar da za ta bugi ƙirji ta faɗi haka a ƙasar Daura.

Bana dai fuskokin sun canza. Tun da Shari'a ta zo muka jingine kiɗa da wasan da ke haɗa maza da mata, Ɗantsoho ya rataye kalangunsa ya koma Kongolam yana sayar da dabino da atamfa. 'Yan wasa suka zame ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya ba mu shawara mu raba shagon da labule, muka raba. Abin da ban zata ba, labule na hawa magidanta suka fara barin matansu su zo. Yanzu ɓangaren mata ya cika har bakin ƙofa, masu sassaƙar ƙwarya da zanen hula da lalle, har daga Sandamu ake tahowa. Muryoyinsu kawai na sani. A tsofaffin 'yan ƙungiya saura ni da mataimakina Mati, shi kuwa Mati da an ce bismilla barci ya kwashe shi.

Ba komai. Na ce wa Hasana ta tanadi gero da nono mai kyau.

Asabar, 1 ga Yuni

An yi taro.

Ban san ta inda zan fara ba. Jawabina dai ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Na kawo zancen ciwon baya, na kawo na ido. Da na zo kan "ƙarfi ya ƙare" har muryata ta yi rawa, abin da na daɗe ina nema bai taɓa fitowa daidai ba sai bana. Na ajiye mabuɗi a kan tebur. A nan ne Ɗantsoho kan zabura ya ce, "Wallahi ba mu yarda ba!" Na ɗan dakata. Na dubi Mati. Baki a buɗe, hula a kan hanci.

Sai wata murya daga bayan labule: "Allahu akbar. Bawan Allah ya gaji." Wata ta ce, "Ni tun shigowarsa tarin nan nasa yake ba ni tausayi." Na ji ana jan hanci. Sai Sabiru, sabon sakataren nan da ya yi karatu a Katsina, ya miƙe ya ce a madadin ƙungiya sun karɓa hannu biyu, a yi wa Malam Maliki fatiha, Allah ya ba shi hutu mai albarka. Aka shafa. Har da ni aka shafa. To ya zan yi, in bar hannuna a ƙasa ana fatiha?

Na fito ina tafiya a hankali, yadda mai kira zai iya cim mini. Har na tsaya gyaran takalmi a gindin darbejiya. Ko kaza ba ta fito ba.

Sababbi ne, ba su sani ba. Mati zai farka ya yi musu bayani.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na share zaure. Tabarma biyu da buzu.

Litinin, 3 ga Yuni

Hasana ta dama fura cike da babbar ƙwarya, ta sa yaji daidai. Tun hantsi nake zaure, na juya wa ƙofa baya kamar yadda aka saba, na ɗaure fuska. Wajen azahar na ji sallama, na ƙara ɗaure fuska, na ce ba tare da na juya ba, "Na riga na faɗa muku na gaji." Ashe wani baƙo ne mai neman gidan mai ɗori. Ya ba ni haƙuri ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Fura dai ni na sha abin da zan iya.

Talata, 4 ga Yuni

Ta fara tsami. Hasana ta rarraba wa maƙwabta.

Laraba, 5 ga Yuni

Mati ya zo. Shi kaɗai, hannu biyu a aljihu, ko ɓarin goro babu.

Wai ina fita suka yi zaɓe. Zaɓe! A shagona! Na ce ta yaya aka ƙirga na bayan labule? Ya ce hannuwa suka ɗaga ta saman labulen, sai ga lalle reras a jere. Suka zaɓi Malama Ikilima, matar Alhaji Kalilu mai fataucin shanu, wadda ke koyar da sassaƙar ƙwarya. Ikilima! Ni na koya mata zane a firamare. Ta taɓa zana mini akuya na ba ta maki ina zaton tebur ne.

Na ce, "Kai fa, wa ka zaɓa?" Ya sosa ƙeya. Wai ya farka ya ga hannun kowa a sama, ya ɗauka addu'a ake yi, ya ɗaga nasa duka biyu.

Na ce to me ya hana ka yi musu bayani daga baya? Ya ce wallahi ya gwada. Ya ce musu ai Malam ba da gaske yake ba, haka yake yi duk shekara. Sai Sabiru ya zaro ido ya ce, "Baba Mati, kana nufin Malam ya tsaya gaban jama'a ya yi ƙarya? Dattijo kamarsa, a wannan zamani?" Mati ya ce daga nan ya koma ya zauna.

In na ce da gaske nake, kujera ta tafi. In na ce ba da gaske nake ba, na zama tsohon maƙaryaci da shaidu cike da shago. Wannan yaro Sabiru, da ladabinsa ya ɗaure ni tamau.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na je Kongolam. Motar kasuwar Mai'adua na bi, daga nan na hau babur, ɗan acaɓan yana gudu kamar an biyo shi. Na sami Ɗantsoho a rumfarsa ya yi ƙiba, ya tsayar da gemu, yana kora ƙuda daga kan dabino da irin kaɗawar hannun da yake yi wa kalangu.

Na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya yi dariya har ya kwanta a kan atamfofi. Maƙwabcinsa Ba'adare ya leƙo ko lafiya. Da ya samu numfashi ya ce, "Har fatiha, Maliki? Ka kuma shafa?"

Na ce ba dariya ta kawo ni ba. Ya zo ya ja su zuwa gidana kamar kullum, magana ta mutu. Ya goge ido ya ce da wane baki, shi da ba ɗan ƙungiya ba ne yanzu. Ya ce kuma, "Ka san abin da ban taɓa gaya maka ba? Roƙo na biyun nan. In ka ƙi ka juya mana ƙeya kana kallon bango, ni ina durƙushe a kan dandamalin zaurenka gwiwata na ci kamar wuta. Duk shekara sai na kwana biyu ina ɗingishi." Na ce ai da ya faɗa da an sa masa matashi. Ya sake kwanciya a kan atamfofi.

Ya ƙulle mini dabino a leda. A hanya raina a ɓace yake. Ba kujerar ba ce, wane daɗi ke cikin kujerar katako mai ƙafa ɗaya gajera. Shagon nan ni na cire masa yanar gizo da hannuna. In ba ni da shi ban san abin da zan yi da ranar Asabar ba, ban kuma san abin da za a riƙa kirana da shi a gari ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Na yi wanka na sa riga na sa hula, na fito ƙofar gida, sai na tuna.

Na zauna wajen mai shayi. Duk wanda ya wuce, "Malam, ya hutu?" Wani har cewa ya yi hutun ya karɓe ni, na yi fes. Allah ya isa.

Talata, 25 ga Yuni

Ikilima ta zo gidan nan. Ta shiga wajen Hasana suka gaisa, sannan ta durƙusa daga bakin ƙofar ɗakina. Babu goro, amma na ce a raina ba laifi, mace ce, sabuwa ce, a yi mata uzuri. Ta ce, "Malam, alfarma muka zo nema. Ɓangaren maza ba mai koyar da zayyana. Ko za ka taimaka mana ranar Asabar-Asabar?"

Ga ƙofa ta buɗe. Na gyara murya, na dubi bango, na ce, "A'a, 'yar nan. Na gaji. Ido ma ba ya gani."

Na zauna ina jiran roƙo na biyu.

Ta ce, "Haka ne, Malam. Mun so kanmu da yawa. Ka yafe mana." Na ji ƙarar takalminta. Na juyo na ga labulen ƙofa yana lilo.

Daga madafi na ji Hasana tana tari, irin tarin da ba na hayaƙi ba.

Wane irin zamani ne wannan da mutum zai ce a'a, a ɗauka a'a yake nufi?

Laraba, 26 ga Yuni

Ta aiko mini da maganin ɗigawa a ido. Idona lafiya lau. Na ɗiga don kada ya lalace.

Asabar, 6 ga Yuli

Yau da hantsi na ga Hasana ta yafa mayafin zuwa unguwa, ƙwarya a hammata. Na ce ina zuwa? Ta ce, "Ƙungiya. Ai ka ba ni izini tun shekarar da aka buɗe, ni ce ban samu sarari ba saboda damun fura." Na bincika ƙwaƙwalwata, da gaske na taɓa faɗa.

Da ta dawo ban tambaye ta komai ba. Na dai ce, ina fata ana rufe tagar baya. Ta ce ana rufewa. Na ce ina fata ba a bar tawada a rana. Ta ce ba ta sani ba, ita ɓangaren mata take. Na ce wa ke koyar da zayyanar? Ta ce, "Malam, ai ka yi murabus. Ka huta mana."

Asabar, 13 ga Yuli

Na je ɗauko alƙalumana. Nawa ne, da hannuna na feƙe su, ba wanda zai ce na je don wani abu.

Inna lillahi. Sabiru na tarar a gaban allo da rula, yana koyar da zayyana kamar mai auna fili. Na leƙa kurtun tawada na dangwala yatsa. Ruwa tsululu, ba ƙaro ko kaɗan, irin wadda in ka yi mata atishawa za ta bar allon. Na ce ya matsa in nuna musu abu ɗaya kawai. Da na ɗaga kai ana kiran la'asar.

Ina wanke hannu Sabiru ya zo ya rusuna. Ya ce sun ji daɗi ƙwarai, sai dai akwai 'yar matsala. A dokar ƙungiya ɗan ƙungiya kaɗai ke koyarwa, ni kuwa a jawabina cewa na yi na ajiye komai da komai. Na faɗa ɗin, don jimlar tana da daɗin faɗa. Na ce to na sake shiga, sai me? Ya ƙara rusunawa. Ya ce ai Malam ya san ɗaya dokar: sabon shiga shi ke sharar shago har sai wani sabo ya shigo bayansa.

Ni na kafa dokar nan. Don maganin girman kan 'yan boko na kafa ta.

Daga bayan labule Ikilima ta ce, "Haba Sabiru, ina! A ɗauke wa Malam wannan." Ni kuma bakin nan nawa da ba ya jin magana, kafin in ankara ya riga ya ce, "A'a, doka doka ce, ba a ɗauke wa kowa." Ina rufe baki na san na kashe kaina. Na kasa kunne ko za ta nace.

"To, Malam ya fi mu sani," in ji ta. "Allah ya ba mu irin wannan tawali'u."

Mata suka amsa da amin har da masu kabbara. Muryar Hasana ta fi ta kowa.

Asabar, 20 ga Yuli

Na yi shara. Tsintsiyar ba ta da kirki, kuma wanda ya riƙa share wurin nan a da bai san Allah ya yi lungu ba.

Ikilima ta shirya baje kolin ayyuka ƙarshen wata mai zuwa, za a gayyaci mazaje da iyaye su ga abin da ake koya. Ta sa an fito da komai daga akwati an rataye a bango don a saba da ganinsa. A bangon gabas. Na tsaya da tsintsiya ina kallo ana buga ƙusa. Bangon da duk damina in ruwan Agusta ya kankama yake jiƙewa tun daga sama, ni kaɗai na san inda nake tara daro.

Ba a tambayi mai shara ba.

Laraba, 31 ga Yuli

Gaskiya dai, ko ba a so, an yi wa shago farar ƙasa, kuma yanzu ana fara aji a kan lokaci. Kujerar nan mai gajeriyar ƙafa an sa mata ƙafa. Ni ma na yi niyyar yin haka, lokaci ne bai ba ni ba.

An miƙo wata ƙwarya ta saman labule in gani, aikin wata mata daga Sandamu. Na juya ta na sake juyawa. Ban faɗa ba, amma a duk shekarun da na yi ina riƙe da mabuɗi ba a taɓa yin irinta a shagon nan ba. Ta Hasana ma an miƙo. Na ce ta yi kyau, don a gida ɗaya muke kwana.

Ɗalibaina sun fara iya jan layi ba rula. In na gama sai in wanke hannu in tafi, ba ruwana da wanda bai zo ba da wanda ya ɓata wuƙar wani. Barci nake yi sosai kwanan nan. Maganin idon ne, ina jin.

Har yau ba namiji ko ɗaya da ya shigo ƙungiya bayana, tsintsiya na nan a hannuna.

Alhamis, 22 ga Agusta

Ruwa tun asuba kamar da bakin ƙwarya, da iska daga gabas. Na kasa cin abincin rana.

Asabar, 24 ga Agusta

Bangon ya yi abin da ya saba, har ya ƙara. Ƙasa ta jiƙe, ƙusoshi suka zare, ƙoren suka faɗo suka farfashe. Hulunan da aka zana sun sha jar ƙasa. Allunan da aka rubuta da tawadar Sabiru sun koma wankakku tas. Ƙwaryar matar Sandamu na tsince ta gida uku a cikin taɓo, na rasa inda zan sa idona.

Aka zauna taro a tsakiyar ɓarnar. Yau, yau kaɗai a tarihin ƙungiya, Mati bai yi barci ba. Ya miƙe ya ce zamanin Malam Maliki ba a taɓa ganin haka ba, dama an faɗa, riƙon jama'a ba sassaƙar ƙwarya ba ne. Wasu mazan suka ɗauka. A bayan labule wata tana kuka tana cewa wata uku tana aikin hular nan, me za ta nuna wa maigidanta. Hayaniya ta kaure.

Sai na ga gefen labule ya motsa daga ƙasa. Hannu ya fito ya ajiye mabuɗi a kan tabarma. Ikilima ta ce, muryarta can ƙasa, "Laifina ne, ni na sa a rataye. Ku yafe mini. Ku nemi wanda ya iya." Ba zancen ciwon baya, ba na ido. Muka ji ƙofar mata ta buɗe ta rufe.

Sabiru ya miƙe ya fara, "To, a madadin ƙungiya..." Mati ya riga shi, ya sure mabuɗin ya jefa mini a aljihu ya ce abu ya koma hannun mai shi. Maza suka ce Allah ya maimaita mana.

Na dawo gida da shi. Abin da nake nema tun watan Yuni, ga shi ba roƙo ba goro.

Lahadi, 25 ga Agusta

Mabuɗin ya fi yadda na san shi nauyi. Sai ja mini riga yake gefe ɗaya.

Hasana ba ta ce mini barka ba. Ta ajiye tuwo ta ce matan sun ce ba za su koma ba, yawancinsu saboda Ikilima mazansu suka bar su. Na ce ƙungiya ta rayu kafin su zo. Ta ce e, kai da Mati. Ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Malam, ka san halin bangon nan." Na ce ba a tambaye ni ba. Ta dube ni har na gaji da duban, ta fita.

Tuwon ba gishiri, kuma na san da gangan ne.

Litinin, 26 ga Agusta

Na shiga kasuwa neman tsintsiya, na fito da ƙwaryar goro. Farare, manya. Araha na gani.

Na aika wa Mati da Sabiru su same ni gobe da hantsi, kowa ya sa rigar kirki.

Talata, 27 ga Agusta

Mun je gidan Alhaji Kalilu. Hasana da mata suka shige ciki, mu muka yi sallama a zaure. Alhaji ya fito yana mamaki, ya shiga neman abin da za mu zauna a kai. Nan na fara shan jinin jikina. Zaure ba shara, ba tabarma, buhunan dusa ne jibge a gefe. Da aka kawo abin sha, ruwan randa ne. Ba fura. Yarinyar nan ba ta jiran kowa.

Ta zo ta tsaya a bayan ƙofar cikin gida. Na tura goro gaba, na yi irin jawabin da Ɗantsoho kan yi mini, don na haddace shi tsaf: ƙungiya marainiya ce, wa za a bar wa ita, a dubi Allah a dubi jama'a. Ta ce, "Malam, na gode, amma a'a."

Sabiru ya tattara riga ya miƙe, wai, "To, ta ce a'a, sai mu yi fatiha." Na cafko gefen rigarsa na dawo da shi ƙasa. Na ce, "Zauna, ɗan nan. Yanzu aka fara."

Na zunguri Mati ya yi na biyu. Ya ba da haƙuri a kan maganarsa, ya ce rashin barci ne ya jawo. Ta ce ta yafe. Sannan ta ce, "Malam, an ba ni labarin yadda ake yi a da. Ni ba irin wannan nake yi ba. Da gaske nake."

Kowa ya dubi ƙasa. Alhaji Kalilu ya shiga gyaran buhun da ba abin da ya same shi. Ni kuwa kunya ta rufe ni tun daga hula har takalmi, kuma na rasa abin yi, don a wurina na uku bai taɓa wuya ba, kullum da ma amsar tana aljihuna. Ban san yadda ake roƙon wanda zai iya ƙi ba.

Na sauka daga kan buhu na durƙusa. Ɗantsoho bai yi ƙarya ba a kan gwiwa.

Abin da na faɗa ba sai na rubuta ba. Zancen bango ne, da daro, da wanda ya tsaya da tsintsiya yana kallo. Ba jawabi ba ne, muryata ma ba ta yi rawar da nake so ba, wata iri ta yi.

Muka yi ta jira. Mati har ya fara gyangyaɗi. Can sai hannu ya fito ta gefen ƙofa, a buɗe. Na sa mata mabuɗin. Ta ce, "Da sharaɗi, Malam. Ni ban iya wannan lissafin na ɗaya da biyu da uku ba. In na tambayi abu sau ɗaya zan tambaya. Za ka gyara mana bangon, ka kuma riƙe ajin zayyana har baje koli?"

Wallahi bakina ya riga ya buɗe a kan a'a, idona ya fara neman bangon da zan kalla. Na haɗiye.

Na ce e.

Hasana ta ce har cikin gida an ji, wai wata ta yi guɗa aka ce ta yi a hankali. Ni ban ji ba, ina fama da miƙewa, Sabiru na riƙe da hammatata.

An ɗaga baje koli sai bayan kaka. A hanya hannuna sai komawa yake aljihu yana dawowa ba komai. Zai saba.

Asabar akwai kwasar taɓo, kuma tsintsiyar ban saya ba har yanzu. Sabiru ya ce wani tela daga Mai'adua yana son shiga ƙungiya, in ya shigo na huta da shara. Na ce ya gaya masa ya bari tukuna sai ruwa ya ɗauke. Baƙo bai san lungunan shagon nan ba.